Yadda na daina ɓata goshi da daɓe wajen rina gashi

Duk ranar da na rufe furfura da baƙin rini a gida, sai goshina da bayan kunnuwana su yi kwana uku da baƙi, daɓen makewayi kuma ya cika da tabo. Na goga lemun tsami, bai fita ba. Na sa omo, fatar ta yi ja tana zafi. Wata ta ce in shafa kananzir, ban yarda ba.

Wata mai kitso a babbar kasuwar Maraɗi ce ta ce min: “Hajiya, kafin rini ake gyara, ba bayansa ba.”

Na shimfiɗa buhun leda a ƙasa, na yafa tsohon zane a kafaɗa. Na shafa Vaseline da kauri a goshi daidai bakin gashi, da kunnuwa, da ƙeya, amma ban bari ya taɓa gashin ba, don rini ba ya kama inda maiƙo yake. Na sa safar hannu ta roba, na kwaɓa rinin a kwanon roba maimakon na ƙarfe. Jiƙaƙƙen tsumma yana gefena, duk ɗigon da ya faɗi ina goge shi nan take. Na ɗaure kai da leda minti 30, yadda takardar kwalin ta ce, sannan na sunkuya na ɗauraye cikin bokiti.

Ɗan tabon da ya rage a wuya, man gyaɗa na sa masa da auduga, minti 10, sai sabulu ya fitar da shi. Alhamdulillahi, Allah ya saka mata da alheri.