Yadda na hana dumana zubar da 'ya'ya

Daminar bana na shuka duma a gindin rumfar tsakar gidanmu. Kafin wata biyu ya haye rumfar ya lulluɓe ta, ganye shar, har ya miƙa hannu kan katangar maƙwabta. Amma duk ɗan da ya fito, da ya kai girman babban yatsa sai ya yi rawaya ya faɗi. Abin ya dame ni ƙwarai.

Na zaci yunwa ce, na ƙara kashin kaji. Ganye kawai ya ƙaru.

Wata rana bayan magariba na haska tocila, sai ga fararen furanni sun buɗe. Ashe furen duma da dare yake buɗewa, ƙwarin dare ne ke kai garin furen namiji zuwa na mace, ni kuwa feshin maganin ƙwari nake yi duk mako. Na daina feshin. Na koyi bambanta su: namiji kararsa doguwa ce siririya, mace kuma tana ɗauke da ɗan ƙaramin duma mai gashi-gashi a ƙarƙashinta. Kowane dare sai in tsinko namiji, in cire fararen ganyayyakinsa, in goga tsakiyarsa a tsakiyar mace a hankali.

Na kuma datse kan babbar jijiyar, domin a rassan gefe mata suka fi fitowa. Yanzu guda 9 ke rataye, manyan na tallafe su da tsumma don kada nauyi ya tsinke su.