Neman aiki ta LinkedIn ga wanda ya sauka a ƙasar waje

Wanda ya sauka a Birtaniya, Kanada ko Amurka da takardun karatunsa yakan tarar cewa sanayya tana da tasiri wajen samun aiki a can ma, alhali shi bai san kowa ba. Wannan giɓin ne shafukan sada zumunta na ma'aikata suke cikewa. Mafi girmansu shi ne LinkedIn, wanda ya fara aiki a 2003, kamfanin Microsoft kuma ya saye shi a 2016. Wanda yake Jamus ko Ostiriya zai ci karo da wani shafi irinsa mai suna Xing.

Abin da na ga yana cutar da mutanenmu shi ne kunya. An rene mu a kan cewa yabon kai jahilci ne, saboda haka sai ka ga injiniyan da ya shekara goma yana kula da manyan ayyuka ya rubuta layi biyu kacal game da kansa. Masu ɗaukar ma'aikata kuwa da kalmomi suke bincike, kuma wanda bai rubuta sunan sana'arsa yadda ake kiranta a ƙasar da yake ba, ba zai bayyana a gabansu ba ko da ya fi kowa ƙwarewa. Ka duba tallace-tallacen guraben da suka dace da kai, ka lura da kalmomin da suke maimaituwa, sannan ka bayyana abin da ka yi dalla-dalla: mutum nawa ka shugabanta, wane aiki ka kammala, kuma a wace shekara. Faɗin gaskiyar aikinka ba alfahari ba ne.

Idan za ka tuntuɓi wanda ba ka sani ba, kada ka fara da roƙon aiki. Ka gabatar da kanka a taƙaice, ka faɗi abin da ya haɗa ku, ko jami'a ɗaya ko fanni ɗaya, ka nemi shawara a kan tambaya guda. Da yawa ba za su amsa ba, kuma ba wulaƙanci suke nufi ba.

Akwai 'yan damfara da suke fakewa da sunayen kamfanoni. Duk wanda ya ce ka biya kuɗi kafin a ba ka aiki, ka rabu da shi. A Birtaniya, gwamnati tana wallafa sunayen kamfanonin da ke da lasisin ɗaukar nauyin bizar ma'aikata a shafin gov.uk, saboda haka ka duba can kafin ka aika wa kowa hoton fasfonka.