Shawara ga masu horar da jami'an tsaro a Kaduna

'Yan uwa, ina ba da shawarar a rage lacca a ƙara atisaye, domin da ɗan gari akan ci gari. Da izinin shugabanni, ku shirya da wani daɗaɗɗen ma'aikaci ya gwada fita da kwamfutar ofis bayan an tashi aiki ba tare da takardar izini ba, yana ce wa mai gadi, "Haba Malam, yau ka fara ganina?" A nan ne kunya da sanayya ke kayar da jami'anmu, daga masana'antun Kakuri har bankuna. Edward Snowden, wanda ya kwashe bayanan sirrin Amurka a 2013, da izini yake shiga wurin aiki. Bayan atisayen, a zauna a binciki inda aka yi sakaci, amma kada a tozarta kowa.