Yadda Nake Sa Tawadar Azurfa Ta Ɗauki Wutar Lantarki a Jikin Riga

Ranar da na fara buga layin tawadar azurfa a kan riga, na jona ƙaramin ƙwan LED a ƙirjinta, ko ƙyaftawa bai yi ba. Da na ɗora mitar awon lantarki, sai ga ɗaruruwan om (ma'aunin yadda layi ke tare wa wuta hanya, yawansa matsala ne) a layin da bai kai tsawon tafin hannu ba. Na yi ta zargin tawadar, ashe laifin nawa ne.

Azurfa ta fi kowane ƙarfe ɗaukar wuta, har da tagulla. Amma a cikin tawada ɓarɓashi ce, kowace ƙwaya lulluɓe da danƙo da ruwan sinadari, kuma wuta ba ta wucewa sai ƙwayoyin sun taɓa juna. Saboda haka ka fara da motsa ta sosai, domin azurfar na kwantawa a gindin gwangwani.

Kada ka buga kai tsaye a kan auduga. Yadi yana shanye tawada kamar yadda ƙasa ke shanye ruwan farkon damina, layin ya tsinke a tsakanin zare. Ni yanzu siririyar ledar TPU (wata roba mai miƙewa) nake liƙawa da injin matsi mai zafi, sannan in buga a kanta.

Gasa tawadar da zafi shi ne ke da aiki. Yawancin tawadar da ake bugawa da sikirin (ragar buga zane a riga) tana son digiri 120, minti 10 zuwa 20, amma ka bi abin da takardarta ta ce. Bushewar ido yaudara ce: sama ta bushe, ciki ɗanye. Ka auna layin, ka ƙara masa minti 5, ka sake aunawa. In lambar ta sauka, bai gasu ba ke nan, sai ka ci gaba har ta tsaya. Kada kuma ka yi zafin hannu, ledar PET, wata irin leda da ake buga tawadar a kanta, takan fara lauyewa in an haura digiri 150. (Tandar uwargida dai a bar mata abinta.)

In har yanzu bai gamsar ba, buga shafi na biyu a kan na farko, om ɗin zai sauka kusan rabi. Wurin da riga ke miƙewa, kamar gwiwar hannu, yi layin a karkace irin tafiyar maciji, miƙaƙƙe yakan tsage. Daga ƙarshe ka rufe shi da wata ledar TPU saboda gumi da wanki, ka bar bakin jonawa kawai a buɗe.