Idan tsohuwar jif ɗinka ta daina ja, ga inda za ka fara dubawa

Jif ɗin da a da kana taɓa totur take zabura, yanzu kuma ka danna ƙafa har ƙasa sai gurnani kawai take, tana tafiya kamar an ɗaura mata tirela a baya, in an zo hawa kuwa sai ka kashe esi kana lallaɓa ta. Abinda yawancinmu ke fara yi shine sayen kaya, yau fulogi gobe famfon mai jibi nozul, kuɗi na ta tafiya mota na nan jiya i yau. Ni kaina na yi wannan aikin baban giwa, wani makanike ya sa na canza famfon mai da fulogi shida reras, ashe duk matsalar wata 'yar tsaga ce a jikin robar da ke kai iska cikin inji, can ta ƙarƙashi cikin lanƙwasar nan mai kama da zugazugi inda ido baya gani sai ka cire ta ka lanƙwasa da hannu. Tun daga ranar na daina sayen komai sai an gwada an nuna min.

Toh kafin ma ka buɗe bonet ka fara tabbatar da cewa injin ne. Hau titi ka taka mota ka sa ido a kan allurar ref, wato mai nuna saurin juyawar inji. In allurar na tashi sama fuu inji na ihu amma gudun motar baya ƙaruwa, ɗan uwa injinka lafiya lau yake, giya ce ke zamewa ko kuloci ya cinye in mai giyar hannu ce. Zaro sandar man giya in motar na da ita, mai lafiya ja ne garau, in ya koma ruwan ƙasa yana warin ƙuna ka san inda za ka nufa. Sai birki, yakan kama ya ƙi saki, ka yi tafiyar minti goma ka sauko ka kai bayan hannu kusa da kowane wili ba tare da ka taɓa ba, wanda ya fi sauran zafi sosai shine ke riƙe maka mota. Ka kuma duba ko ta maƙale a giyar ƙarfi ta taya huɗu, ko an saka mata tayoyin da suka fi nata girma, shima yana kashe mata ja.

In ba waɗannan bane sai a nemi sikana, na'urar da ake jonawa ta karanto lambobin matsala daga kwamfutar mota. Motocin da aka yi wa kasuwar Amurka tun daga 1996 duk suna da OBD-II, na Turai masu fetur daga 2001, masu dizal daga wajen 2004, soket ne mai rami 16 a ƙarƙashin dashbod ta gefen direba. Ko fitilar cek inji bata kunna ba ka jona, don a tsofaffin motoci ba abin mamaki bane ka tarar an cire ƙwan fitilar ko an toshe shi. Rubuta lambobin kafin kowa ya goge. P0300 inji na misin (wato mai baya kamawa da wuta yadda ya kamata) ba a silinda ɗaya ba, P0301 zuwa P0308 lambar ƙarshe ita ce silindar da ke misin, P0171 da P0174 iska ta yi wa mai yawa, P0101 sensar iska ce, P0420 katalis, wato abin tace hayaƙi da ke jikin salansa. Amma fa lamba ba ta cewa sayi kaza, hanya kawai take nuna maka. Kuma in fitilar tana ƙyaftawa maimakon ta tsaya cak, kada ka ci gaba da taka motar, ɗanyen mai ne ke wucewa cikin salansa yana ƙona katalis.

Abinda na fi so a sikana ma ba lambobin bane, wani wuri ne da ke nuna yawan man da kwamfutar mota ke ƙarawa ko ragewa, za ka ga an rubuta STFT da LTFT. Injin fetur yana son kashi 14.7 na iska a kan kashi 1 na mai, kwamfuta kullum wannan take bi. In LTFT na yawo kusa da sifili lafiya, in ya wuce +10 to tana ta ƙara mai ne don ta cike wani giɓi. Yanzu ga dabarar, duba shi a silo sannan ka ɗaga ref zuwa 2500 ka riƙe. In ya yi sama a silo ya sauko da ka taka, iska ce ke satar hanya ta wata tsaga ko tiyo da ya fita. In kuma a silo daidai yake sai ka taka ko kana hawa yake tashi, to mai ne baya isa ko sensar iska ta yi datti tana yi wa kwamfuta ƙarya. Da wannan ɗan gwajin aka yi min tun farko da famfona na asali na nan.

Bangaren iska shine mafi sauƙi. Cire matatar iska ka ɗaga ta a rana, in haske baya ratsawa canza ta, kada ka tsaya bugawa a jikin taya. Dab da akwatin matatar akwai sensar iska, wato MAF, a cikinta wata siririyar waya ce kamar gashi, kwamfuta na zafafa ta tana auna yadda iska ke sanyaya ta, da ƙura ko maiƙo ya lulluɓe ta shikenan lissafi ya rikice. Akwai feshinta na musamman, fesa daga nesa ka bari ta bushe, kada ka sa yatsa ko tsumma, kuma kada a wanke ta da fetur ko feshin kafireto. Daga nan ka bi robar har bakin totur kana matsawa kana leƙa ƙarƙashi, ka goge baƙin da ya taru a bakin totur ɗin.

Mai kuma ba a gane shi da kunne, wai a ce ai ina jin famfon yana ƙara. Famfo zai iya yin ƙara yana ba da rabin ƙarfi. Geji ake jonawa a bututun mai, yawancin injinan fetur masu nozul na wancan zamanin suna aiki tsakanin psi 40 zuwa 60 ne, amma ka duba littafin motarka don kowace da nata. Abin lura shine allurar ta tsaya ko da an taka totur, in ta faɗi lokacin da aka taka, fara da matatar mai in a waje take, sau da yawa tun daga kamfani ba a taɓa canza ta ba. Wannan aikin a yi shi inji na sanyi, ba sigari ba wuta a kusa.

Fulogi ka ciro su ka jera bisa tsari don ka san wanne daga wace silinda ya fito. Mai lafiya bakinsa ruwan toka ne ko ɗan ruwan ƙasa, baƙi busasshe mai ya yi yawa, baƙi mai danshi baƙin mai ne ke hawowa, fari fat kuma zafi ko ƙarancin mai. In sikana ta ce P0303 kada ka yi saurin sayen kwayil, ɗauki kwayil na uku ka musanya da na ɗaya ka goge lambar ka zaga, in ta dawo P0301 ka kama ɓarawon, in ta tsaya a uku to fulogi ne ko nozul ko silindar kanta.

Yanzu ga wanda ake yawan mantawa, hanyar fita. Inji in bai fitar da hayaƙi ba ba zai shaƙi sabuwar iska ba. Katalis a cikinsa wani abu ne mai ƙananan ramuka kamar saƙar zuma, in ya narke ko ya farfashe sai ya toshe salansa. Alamarsa daban take, mota ta tashi lafiya silo lafiya, cikin gari ba laifi, amma da ka hau babban titi sai ta kai wani gudu ta ƙi wucewa ko me ka yi, kuma tana ƙara zafi tana ƙara mutuwa. In ta huce ka ɗan bubbuga shi da hannu, in ka ji kacau-kacau kamar tsakuwa a gwangwani ya fashe. Gwajin da na fi yarda da shi shine a kwance sensar oksijin ta gaban katalis a bar ramin a buɗe a ɗan zaga kaɗan, za ta yi ƙara sosai amma in ƙarfi ya dawo ka samu amsa. Sai dai ka sani katalis da wuya ya mutu haka kawai, misin ko shan baƙin mai ne ke kashe shi, in ka saka sabo baka gyara wancan ba zai bi sahun tsohon.

In duk wannan ya fita lafiya sai a auna matsin silinda. A cire fulogi duka, a cire fis ɗin famfon mai, a danne totur har ƙasa a yi ki kamar juyi biyar a kowace silinda a rubuta. Kada bambancinsu ya wuce kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari. Wadda ta yi ƙasa a zuba mata baƙin mai kamar ƙaramin cokali ta ramin fulogi a sake, in ta tashi rin ɗin fistin ne ya cinye, in bata motsa ba bawul ne, in kuma biyu ne maƙwabtan juna suka faɗi tare ka zargi gaskit. In dukkansu sun yi ƙasa bai ɗaya ko sikana ta nuna P0016, a buɗe a duba tayimin, bel yakan tsallake haƙori ɗaya, sarƙa kuma takan miƙe da tsufa.

Masu dizal da tabo, wato abin da ke hura ƙarin iska cikin inji, P0299 na nufin tabo baya hura yadda ya kamata, amma kafin a yanke masa hukunci a bi tiyoyinsa ana neman inda maiƙo ya jiƙa, nan ne iska ke fita, sannan a cire bawul ɗin EGR, mai mayar da wani ɓangare na hayaƙi cikin inji, a ga ko baƙin hayaƙi ya cushe shi ya bar shi a buɗe.