Darasi na Bakwai: Ɗumame da Shinkafar da Ta Kwana

A gidajenmu na Aboabo da Asawase a Kumasi ba a zubar da abinci. Tuwon dare shi ne ɗumamen safe, waakye (shinkafa da wake) da ta rage kuma yara su karya da ita kafin makaranta. Tattali ne mai kyau, ba mai cewa a daina. Amma akwai inda haɗari yake ɓuya.

Mu ɗauki shinkafa, don ita ta fi yaudara. Akwai ƙwayar cuta mai suna Bacillus cereus da ke biyo ɗanyar shinkafa tun daga gona, kuma dahuwa ba ta kashe ƙwayayen irin da take tsirowa daga gare su. Idan aka sauke tukunya aka bar ta a rufe har gari ya waye, a zafin nan na Kumasi, sai ƙwayar cutar ta hayayyafa ta zuba guba a ciki. Wannan gubar kuwa, wuta ba ta cinta. Ko an soya shinkafar har ta kama gindin tukunya, tana nan. Cikin awa 1 zuwa 6 bayan an ci sai amai ya taso.

Wata ɗalibata ta ce mini, "Malama, ai na shinshina, ƙalau take." Na ce, "Hajiya, hanci ba ya jin wannan." Ba wari, ba yauƙi, amma ta kwantar da yaro.

Kada dafaffen abinci ya wuce awa 2 a waje. Ranar da zafi ya haura digiri 32, awa 1 ne. A raba shi a ƙananan kwanuka ya huce da wuri, a sa a firji. In dumsor ta zo, wato an ɗauke wutar lantarki, firjin da ba a buɗewa yana riƙe sanyi kamar awa 4. Wadda ba ta da firji ta auna shinkafar dare daidai bakunan gida.

Wajen ɗumamawa, kada a yi wa gawayi rowa. Miya ta tafasa sosai, tuwo ya yi turiri har tsakiyar malmala, a riƙa juyawa. Sau ɗaya ake ɗumame. A ɗebi abin da za a ci kawai.

Yaro in ya fara amai ko gudawa, a ba shi ruwan ORS, wato ruwan gishiri da sukari, kaɗan-kaɗan. In ya galabaice ko ya kasa sha, a kai shi asibiti.

Aikin gida: rubuta ƙarfe nawa kika sauke tukunyar daren jiya, da inda ragowar ta kwana.