Ƙasar dankalin Arish: abin da sabon zuwa Ayilan ya kamata ya sani

Duk wanda ya taɓa sayen dankalin Arish a kasuwar Farin Gada ta Jos ya riga ya ambaci sunan mutanen ƙasar nan, ko bai sani ba. To ɗan'uwa, tunda Allah ya kawo ka Ayilan, fara da dankalin nan, domin a kansa rabin tarihinsu yake.

A 1845 wata cuta ta faɗa wa dankali, ya riƙa ruɓewa a cikin ƙasa tun kafin a haƙo shi. Talakan ƙauye kuwa ba shi da wani abinci sai shi, gonar da yake nomawa ma ta mai ƙasa ce, haya yake biya. Daga nan zuwa 1852 yunwa da cututtuka suka kashe mutum wajen miliyan ɗaya, wasu wajen miliyan ɗaya suka shiga jiragen ruwa zuwa Amurka da Kanada da Ingila. Abin da ya fi yi musu ciwo har gobe shi ne, ana cikin wannan hali ana lodin hatsi da shanu daga tashoshinsu zuwa Ingila. A ƙidayar 1841 tsibirin na da mutum sama da miliyan 8. Yau, kudu da arewa a haɗe, kaɗan suka haura miliyan 7. Wato shekara 180 ba ta mayar da abin da yunwa da hijira suka kwashe ba. In ka samu sarari ka bi bakin kogin Liffey a Dublin, wajen Custom House, za ka ga mutum-mutumin mayunwata na tagulla, ƙashi da fata, wani ya saɓa yaro a kafaɗa. Tsaya ka duba su da kyau.

Wannan ne ya kawo mu ga kuskuren da na tafka a makona na biyu. Muna shan shayi a wurin aiki, na ce wa wani dattijo abokin aikina, "Ai ku Turawan Ingila kuna son shayi." Ya ajiye kofi, ya dube ni, ya ce shekara ɗari takwas suka yi suna ƙoƙarin rabuwa da wannan suna, ni kuma na mayar musu da shi cikin minti ɗaya. Dariya ya yi, amma ban sake ba. Mulkin mallakar da muka sha su ma sun sha shi, nasu ma ya fi namu daɗewa nesa ba kusa ba. Sun yi bore a Dublin a 1916 aka harbe jagororin, suka yi yaƙi, a 1922 gundumomi 26 suka samu gwamnatin kansu, a 1949 suka zama jamhuriya. Gundumomi shida na arewa suna ƙarƙashin Birtaniya har yanzu. Can aka yi shekara wajen 30 ana rikici tsakanin masu son zama da Birtaniya, galibinsu 'yan Furotesta, da masu son haɗewa da kudu, galibinsu 'yan Katolika. Mutum sama da 3,500 suka mutu kafin yarjejeniyar zaman lafiya ta 1998. Ba zancen da baƙo zai tsoma baki ba ne a wurin hira, saurara kawai.

Wannan tarihi yana da tarko ga mai fasfo irin namu. Babu shinge a kan iyaka, bas na tashi daga Dublin ya kai Belfast, babban birnin arewa, cikin awa biyu da 'yan mintuna, sai ka ɗauka ƙasa ɗaya ce. Ba haka ba ne. Bizar Ayilan ba ta ba ka izinin shiga arewa, ta Birtaniya ake buƙata, kuma ba ta kai ka Faransa ko Jamus, don Ayilan ba ta cikin tsarin Shengen na bizar bai-ɗaya ta ƙasashen Turai. Haka kuma tun bayan ƙuri'ar raba gardama ta 2004, haihuwa a nan kaɗai ba ta ba jariri zama ɗan ƙasa. Masu ce maka akasin haka labarin da suke ba ka ya tsufa.

Takardu kuwa, kada ka yi musu nawa. Ka yi rajistar zama cikin kwana 90 ka karɓi katin izinin zama da ake kira IRP, kuɗinsa yuro 300. Ka nemi lambar PPS, wato lambar shaidarka a wurin hukuma, wadda in babu ita albashi da haraji da asibiti duk sai sun ba ka wahala. Da ka samu aiki ka shigar da shi a shafin hukumar haraji ta Revenue, in ba haka ba su yanke maka harajin gaggawa da kan kai kashi 40 cikin 100. Suna mayarwa daga baya, amma kafin nan ka ji jiki. Ɗalibi awa 20 aka yarje masa ya yi aiki a mako, 40 a lokacin hutu. Kada wani ya zuga ka ka wuce.

Yanzu ga maganar arziki, inda nan ne 'yan gida ke yi mana gurguwar fahimta. Ƙasar nan ta manoma ce da masu kiwon shanu, kuma har shekarun 1980 'ya'yanta ita ce hajar da ta fi fitarwa waje. Ta shiga tarayyar kasuwar Turai a 1973, ta zuba kuɗi a ilimi, ta sauke harajin kamfanoni har ya kai kashi 12.5 cikin 100. Sai kamfanonin Amurka suka yi ca: Apple a Cork tun 1980, Intel a Leixlip, Google da Facebook a Dublin, ga masu haɗa magunguna irin su Pfizer. Aka shiga zamanin da suke kira Damisar Seltik, kuɗi kamar a bakin ƙwarya, kowa na gini da bashin banki. A 2008 abin ya fashe, a 2010 sai da aka haɗa musu tallafin yuro biliyan 85, matasa suka sake ɗaukar jaka zuwa Ostireliya. Gine-gine suka tsaya cak na shekaru. Da tattalin arziki ya farfaɗo mutane suka dawo, baƙi suka ƙaru, gidaje ba su ƙaru ba.

Kai ne za ka biya kuɗin wannan tarihi a ƙarshen kowane wata. Mafi ƙarancin albashi a 2025 yuro 13.50 ne a awa, in ka juya shi zuwa naira sai ka ji kamar ka haye. To ɗaki ɗaya a Dublin, cikin gidan da za ka raba kicin da banɗaki da mutum uku, yana iya cin yuro 800 zuwa 1,000. Na taɓa zuwa duba wani ɗaki da aka sa a Daft, shafin tallan gidajen haya, na tarar da layi har bakin titi, cikin yayyafi, kowa riƙe da takardar shaidar aiki kamar masu neman biza. Shawarata biyu ce. Kada ka tura wa kowa kuɗin ajiya kafin ka shiga ɗakin da ƙafarka, macuta sun san sabon zuwa a matse yake. Sannan ka cire wa ranka cewa dole sai Dublin. Limerick da Waterford da Athlone duk akwai aiki da makarantu, haya kuma ta ɗan fi sauƙi. Kuma ka gaya wa mutanen gida gaskiyar lissafin tun da wuri, kafin a fara turo maka jerin buƙatu.

Mutanen kansu ba su da wuyar zama. Suna da wata irin kara da za ka gane nan take: in aka yi maka tayin shayi ka ce a'a, sai an sake tayi sau biyu ko uku, su ma haka suke yi in kai ka yi musu. Kome ka tambaye su sai su ce "grand", kamar dai namu "lafiya lau" da mutum ke faɗa ko yana kwance a asibiti. In ka sauka daga bas ka yi wa direba godiya, kowa na yi. Suna da tsokana irin ta abokan wasa, in sun fara zolayarka to ka shiga, kuma ba sa son mai cika baki. Hira tasu a mashaya ake yin ta, wannan shi ne abin da ya fi yi wa Musulmi nauyi. Ni dai nakan ce ba na sha, ban taɓa ganin wanda ya matsa mini ba, mai son hira da ni mu haɗu a kan shayi.

Abin da ya fi kama da gida shi ne mutuwa. Da mahaifiyar maƙwabcina ta rasu na yi ta shakkar ko zuwana zai zama kutse. Na je. Gida cike, gawar na falo, ana ta zagayawa da shayi da burodi, ana ba da labarin marigayiya har da dariya. Na bi layi na miƙa masa hannu. Shekara biyu muna gaisuwa ta kan shinge, amma daga ranar ya fara ƙwanƙwasa mini ƙofa. A nan zuwa ta'aziyya ba ya buƙatar gayyata.

Kuma ba baƙin juna ba ne mu da su. Limaman Katolika na ƙungiyar SMA daga Cork sun yi aiki a Kaduna da Jos, matan zumuntar St Louis sun sauka Kano a 1948, makarantarsu na nan har yau. Ka ce daga Najeriya kake, sau da yawa sai wani ya ce gwaggonsa ta koyar a can. Wannan bai hana a samu masu ƙyamar baƙi ba. A Nuwamban 2023 an yi tarzoma a tsakiyar Dublin har da ƙona bas da jirgin cikin gari, kuma ƙarancin gidaje ya ba masu zuga abin faɗa. In wani ya ci zarafinka, kai ƙara wurin 'yan sanda, waɗanda a nan ake kira Garda da harshensu na asali. Harshen nan za ka gan shi a saman kowane allon hanya, ko da yake Ingilishi ake yi a yau da kullum.

Musulmi a ƙidayar 2022 sun kusa 82,000. Akwai masallaci a titin South Circular a Dublin, da wuraren salla a kusan kowane babban gari. Wani ƙaramin gari can yamma, Ballyhaunis, ya samu ginannen masallaci tun 1987 albarkacin masana'antar naman halal. Garin tuwo da kuɓewa da manja kuwa, leƙa shagunan titin Moore.

Sai ka shirya wa rana. A watan Yuni ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe goma na dare, a Disamba kuwa ƙarfe huɗu da 'yan mintuna an yi magariba, azahar da la'asar da magariba duk su same ka a wurin aiki, don haka ka nemi kusurwar da za ka shimfiɗa darduma tun ranar farko. Ka riƙa shan bitamin D duk shekara, fatarmu ba ta samun isasshiyar rana a nan. Lema kuma kada ka ɓata kuɗinka, iska za ta juye ta a fita ta farko. Sayi rigar ruwa mai hula da takalmin da ba ya jiƙewa.